Abin da Ke Sa Aku Cizo, da Yadda Ake Raba Shi da Halin

"Haka kawai ya cije ni, ban yi masa komai ba." Da wuya ka sami wanda aku ya fasa wa yatsa bai fara labarinsa da wannan magana ba. Daga nan sai 'yan gida su shiga yanke wa tsuntsun hukunci. Wani ya ce mugun iri aka sayo, wani ya ce butulu ne tunda hannun da ke ba shi gyaɗa ya ciza, wani kuma ya ba da shawara a riƙa ɗalle masa baki har ya san na gaba da shi. Kafin a ankara an mayar da keji can bayan ɗaki, ba mai leƙa shi sai yaron da aka ɗora wa zuba ruwa, shi ma daga nesa-nesa. Tsuntsun da aka sayo da tsada don ya riƙa gaishe da baƙi ya koma abin da ake yi wa yara kashedi da shi.

Ruwa ba ya tsami banza. A mafi yawan lokaci cizo shi ne maganar aku ta ƙarshe, bayan ya yi ta faɗa da ido da gashi da tsayuwar jiki ba a saurare shi ba. Wanda ya gane wannan ya kama bakin zaren. Wanda bai gane ba kuwa, duk dabarar da ya ɗauko, duka ce ko tsawa ko horon yunwa, ƙara dagula lamarin za ta yi.

Ya kamata mai aku ya sa a ransa cewa ɗan daji ya ajiye a gida. Kaza da tantabara sun shafe dubban shekaru a hannun ɗan Adam har halinsu ya sauya, aku kuwa bai bi wannan hanya ba. Wanda muka fi sani, mai launin toka da jar wutsiya, mazauninsa kurmi ne, daga Ghana da kudancin Najeriya da Kamaru zuwa Gabon da Kwango, har Yuganda da yammacin Kenya. A can cikin garke yake rayuwa, yana kwana a kan dogayen bishiyoyi, yana ƙyanƙyasa a kogon itace, kuma kullum idonsa a buɗe yake saboda shaho da sauran masu farautarsa. Duk abin da ya taso masa ta sama, ko ya zo da sauri, ko bai saba gani ba, jikinsa haɗari yake gaya masa. Idan rigima ta haɗa shi da ɗan'uwansa a kan reshe ko abinci, yawanci da buɗe baki da tayar da gashi take ƙarewa, ɗaya ya tashi ya koma wani reshen. Fiffike ne kariyarsa. To sai aka sa shi a keji, aka datse masa fuka-fuki, sannan aka zuro hannu ta ƙofa ɗaya tilo da kejin yake da ita. Ina zai nufa? Baki kaɗai ya rage masa.

Ga kuma tarihin da tsuntsun ya shigo gida da shi. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu kamo su aka yi, wasu da raga, wasu da sandunan da aka shafa wa danƙo, wasu kuma tun ba su iya tashi ba aka zaro su daga kogo. Hannun mutum na farko da irin wannan aku ya sani shi ne wanda ya ɓamɓare shi daga danƙo ya cusa shi a akwati. Wannan fatauci ya yi wa jinsin mummunar illa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a Ghana kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na wannan aku sun ɓace tun daga 1992, kuma a shekarar ta 2016, a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg, aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ni dai shawarata ga wanda bai saya ba, kada ya sayi na daji, domin kuɗinsa ne zai sa a koma a kamo wani. Wanda kuma ya riga ya mallaka, ya sani gurnanin da tsuntsun ke yi idan an matso tsoro ne mai tushe. Haka abin yake ga tsirya, koriyar nan mai doguwar wutsiya, da ƙaramin akun nan mai kai toka-toka da ciki ruwan ɗorawa da ake samu a dajinmu na arewa.

Sannan ba duk sa baki ne cizo ba, kuma nan ne sababbin masu kiwo suka fi yin ɓarna ba da saninsu ba. Aku da baki yake fasa ƙwaya, da shi yake gyara gashi, da shi yake gane abu mai tauri ne ko mai laushi, domin a tsinin bakin akwai jijiyoyin ji masu yawa. Da shi kuma yake hawa. A 2022 wasu masu bincike a New York sun auna ƙananan dangin aku suna hawa tsaye, suka tarar baki yana aikin ƙafa ta uku, yana ɗaukar nauyin jiki ya ja shi sama. Shi ya sa idan ka miƙa masa yatsa, sau da yawa baki zai fara kaiwa don ya gwada ko wurin zai ɗauke shi. Mai tsoro yana ganin baki ya nufo shi sai ya fizge hannu, aku ya yi taga-taga ko ya faɗi. Gobe idan hannun ya dawo, ko dai ya kore shi, ko ya damƙe shi da ƙarfi don kada ya sake kuɓuce masa. Ƙaramin aku da bai kai shekara ba ma komai sai ya ɗanɗana, zobe ne, maɓalli ne, farce ne. Irin wannan a hankali ake zame yatsa a ba shi wani abin da zai tauna.

Yanzu mu tsaya mu kalli 'yan daƙiƙun da ke gaban cizo na gaske. Magariba ta gabato, aku yana kan sandarsa, ƙafa ɗaya a naɗe cikin gashi, ya fara gyangyaɗi. Maigida ya shigo da baƙo, yana so a ji tsuntsun nan da yake ta ba da labari. Ya nufo kejin kai tsaye yana magana da ƙarfi, baƙo na biye da babbar riga tana kaɗawa. Aku ya sauke ƙafa. Gashinsa da yake a sake ya kwanta lif a jiki, ya miƙe ya yi siriri, ya karkata baya. An buɗe ƙofa. Ya matsa can ƙarshen sanda. Hannu ya biyo shi. Yanzu gashin ƙeya da na kafaɗa ya tashi, ya sunkuyar da kai ya ɗan buɗe baki, baƙin idonsa yana tsukewa yana buɗewa da sauri, ga gurnani ƙasa-ƙasa daga maƙogwaro. Ya kai sara a iska, bai taɓa fata ba. Maigida ya ce, "Kai, hau mana!" ya danna masa yatsa a ƙirji. Sai jini. Da za ka tambayi maigidan zai rantse maka haka kawai aka cije shi, kuma ba ƙarya yake yi ba. Idonsa yana kan baƙo, bai ga ko ɗaya daga cikin gargaɗi huɗu ko biyar da aka yi masa ba.

Waɗannan alamomi a haɗe ake karanta su. Tsukewar ido ita kaɗai zumuɗi take nunawa, na murna ne ko na fushi, sai ka dubi sauran jikin ka san wanne ne, kuma aku mai zumuɗi ko na wasa ne yana iya wuce gona da iri ya kai cizo. Sunkuyar da kai ma iri biyu ce. Idan gashin kai a sake yake, ido a lumshe, susa yake nema. Idan jiki a ɗaure yake, ido a kafe a kan yatsanka, to ka janye. Baza wutsiya tare da tayar da gashin wuya gargaɗi ne. Ƙarar nan ta goga baki da yake yi da dare kuwa alamar kwanciyar hankali ce.

Abin da ya biyo bayan cizon ya fi cizon kansa nauyi. Hannu ya janye, ƙofa ta rufe, baƙo ya ja da baya. A lissafin aku, matsawa ba ta yi amfani ba, gurnani bai yi ba, cizo ne ya raba shi da abin da ba ya so. Mai sallama a ƙofar gida, idan kullum ba a amsa masa sai ya buga ƙyaure, wata rana zai bar sallamar ya fara da bugu. Haka aku yake barin gargaɗi ya tafi ga abin da ya ga yana aiki, kuma irin wannan ne ake cewa yana cizo ba zato ba tsammani. Koya masa aka yi, sannu a hankali, ba da niyya ba. Susan Friedman, masaniyar ɗabi'a da ta koyar a Jami'ar Jihar Utah ta Amurka, wadda ta daɗe tana koyar da masu kiwon aku, tana ɗora komai a kan tambayoyi uku: me ya faru daf da halin, me tsuntsun ya aikata, me ya samu ko ya kuɓuce wa bayan ya aikata. Ta kuma hana a tsaya kan laƙabi irin su mugu ko mai taurin kai, domin laƙabi ba ya nuna maka abin da za ka gyara. Duk mai fama da wannan matsala ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta kowane cizo da kowane yunƙuri: ƙarfe nawa, a ina, waye a wurin, me ke hannunsa. Cikin 'yan makonni zai ga abin yana da tsari. Wani sai a bakin kwanon abinci, wani sai lokacin mayar da shi keji, wani sai idan mutum kaza ya shigo.

Daga nan za a gane dalilin da hukunci ba ya magani. Ɗalle baki, duka da tsinke, watsa ruwa a fuska, girgiza hannu don ya ji zai faɗi, lulluɓe keji da rana tsaka, duk abu ɗaya suke tabbatar wa tsuntsun, wato hannun nan abin tsoro ne, daidai abin da yake zargi tun farko. Wani lokaci zai yi laƙwas na 'yan kwanaki a ɗauka ya horu, alhali gargaɗin kawai ya haɗiye. Ihu da tsalle-tsalle kuwa wani akun daɗinsu yake ji, musamman wanda ya wuni ba wanda ya kula shi, sai ya gane cizo ne ke tara masa jama'a. Masu shafa barkono a yatsa aikin banza suke yi, domin tsuntsu ba ya jin yajin barkono yadda mu muke ji. Horon yunwa ko a addinance ba shi da gurbi. Malamai sun kafa hujja da hadisin yaron nan Abu Umair da ɗan tsuntsunsa a kan halaccin ajiye tsuntsu, da sharaɗin a ba shi haƙƙinsa na ci da sha, kuma kowa ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa ta hana ta abinci.

Akwai kuma wata magana da ta daɗe tana yawo, wai aku yana cizo ne don yana neman ya mulki gida, wai kada a bar shi ya hau sama da kan mutum. Masu nazarin ɗabi'ar tsuntsaye sun yi watsi da ita. Yana son sama ne don can ya fi samun natsuwa, kuma idan ya ƙi saukowa, ya san saukowar tana nufin a kulle shi.

Keji ma nasa ne, can yake ci, can yake kwana. Aku da yawa da ke kai sara idan an zura hannu ciki lafiya lau suke da zarar sun fito da kansu. Buɗe masa ƙofa a jira ya fi a bi shi ciki.

Inda abin ya fi rikita mutane shi ne balaga. Za ka ji ana cewa, "Tun yana ƙarami a hannuna ya tashi, sai da ya girma ya canza." Aku mai jar wutsiya yana balaga ne tsakanin shekara 3 zuwa 5. A daji abokin zama ɗaya yake zaɓa, su nemi kogo, su tsare shi daga kowa. A gida, inda babu ɗan jinsinsa, wani mutum yake ɗora wa wannan matsayi, kuma sau da yawa mutumin ne ke rura wutar ba tare da ya sani ba. Susar kai da wuya abu ne da 'yan garke suke yi wa juna. Shafar baya da ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya kuwa ta abokin barbara ce. Wanda yake kwantar da aku a cinya yana shafa shi tun daga kai har wutsiya yana yi masa alkawarin da ba zai cika ba. Za ka ga tsuntsun yana amayo maka abinci a yatsa, yana sassauta fuka-fuki yana wata 'yar ƙara, yana neman lungu mai duhu: ƙarƙashin gado, bayan kujera, cikin durowa ko kwali. Da zarar ya sami lungun ya ɗauke shi sheƙa, duk ƙafar da ta gifta sai ya kai mata hari. Abinci mai maiƙo da yawa da tsawon haske suna ƙara tayar da wannan yanayi. Maganinsa a tsaya ga susar kai, a toshe lungunan, a rage gyaɗa, a daidaita masa dare. Idan ya amayo abinci kada a yi masa faɗa, a dai sauke shi a kan sandarsa a ba shi wani abin yi. Yanayin yana zuwa ya wuce, kuma a makonnin da yake kansa rage ɗauka ya fi.

Kishi daga nan yake fitowa. Aku ya zaɓi maigida, sai ya sa uwargida da yara a gaba. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda wani lokaci wanda yake so ɗin yake ciza: yana kan hannun maigida, uwargida ta shigo, ba zai kai gare ta ba, sai ya sauke a kan fatar da ke kusa. Gyaran nan yana buƙatar haɗin kan gida. Abincin da ya fi ƙauna ya koma hannun wanda ba ya so ɗin kaɗai, ko da a farko wucewa kawai za ta yi ta jefa a kwano ba tare da ta tsaya ba. Shi kuma wanda aka zaɓa ya daina dariya idan an kori wani, domin dariyar lada ce.

Barci ma yana da hannu a ciki. Tsuntsu ne na yankin da dare da rana suke kusan daidai, yana buƙatar duhu da shiru na awa 10 zuwa 12. Kejin da ke falo, talabijin na aiki har sha biyun dare, fitilar sola a kunne, janareta na ruri a bayan taga, mai shi zai tashi da tsuntsu mai saurin fushi. A duba ɓeraye kuma. Suna zuwa cin ragowar abinci a gindin keji cikin dare, kuma akun da ya kwana yana jin motsinsu bai yi barci ba.

Amma idan aku mai sanyin hali ya fara cizo rana ɗaya, ba a sauya masa komai ba, rashin lafiya za a fara zargi. Tsuntsaye suna ɓoye ciwo, domin a daji mai rauni ake fara ɗauka, don haka sau da yawa ƙin a taɓa shi ne alamar farko. A lura ko yana wuni da gashi a kumbure, ko ya koma zama a ƙasan keji, ko kashinsa ya sauya, ko wutsiya tana sama da ƙasa idan yana numfashi, ko ya rage ci. Babban tushen ciwonsu a gidajenmu abinci ne. Gyaɗa da masara zalla ba su da isasshen bitamin A da kalsiyam, kuma aku mai jar wutsiya an san shi da matsalar ƙarancin kalsiyam, har ta kai shi ga rauni, faɗowa daga sanda da jijjiga. Yana buƙatar gwanda, mangwaro, gwaba, karas, kabewa, dafaffen dankali da wake, ganyen zogale, gero da dawa, da ɗan kwakwar manja wadda dama abincinsa ce a daji. Yana buƙatar hantsi ya taɓa shi kai tsaye, ba ta bayan gilashi ba, tare da inuwar da zai koma idan ya so. Gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce gare shi. Haka fiya, cakulan, shayi, kofi da goro, ban da gishiri da albasa. Hayaƙin turaren wuta, na maganin sauro da na gawayi suna cutar da numfashinsa fiye da yadda suke cutar da namu, a fitar da keji kafin a kunna. Lokacin sake gashi kuma, sababbin da ke fitowa suna da jini a gindinsu, suna da zafi idan an taɓa, sai susar da yake so jiya ta zama abin cizo yau. A hunturu, da iska ke bushewa, ɗan kurmi yana shan ƙaiƙayi, a riƙa ajiye masa ruwan wanka da hantsi. Jami'o'in da ke koyar da likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da asibitoci, kuma zuwa wajen likita ya fi a sayo maganin kaji a zuba masa a ruwa da ka.

Zaman banza shi ma yana haifar da nasa. Alex, akun da wata mai bincike a Amurka, Irene Pepperberg, ta saya a 1977 ta yi ta nazari da shi har ya mutu a 2007 yana da shekara 31, ya san sunayen abubuwa kusan 50, launuka 7, siffofi 5, yana kuma ƙidaya har 6. Ƙwaƙwalwa irin wannan, wadda a daji take shafe sa'o'i tana neman abinci, ba za a ajiye ta a gaban kwano cike da sanda ɗaya a sa ran lafiya ba. Reshen gwaba da zai ɓare, totuwar masara, kwali, ƙwaya da aka ƙunshe a takarda sai ya yaga ya samu, waɗannan ba sa cin kuɗi.

To yaya ake gyara wanda ya riga ya saba? Matakin farko a daina ba shi damar cizo, domin kowane cizo ƙarin horo ne a kan halin. Na 'yan makonni kada hannu ya shiga inda zai kai masa. A sauya kwano lokacin da yake ɗaya gefen ko yana waje. Sai a nemo abin da ya fi so: a jera masa ƴan abubuwa a faranti a ga wanda yake fara ɗauka, a cire shi daga abincin yau da kullum ya zama lada. Sauran abincinsa yana nan yadda yake, ba a rage masa komai. Ladan kuma ƙanana ake yi, ƙwayar gyaɗa ɗaya a raba ta huɗu, don ya haɗiye da wuri a ci gaba.

Idan tsoro ne ya yi masa yawa, da tazara ake farawa. Nemi nisan da za ka tsaya gashinsa bai kwanta ba, bai daina abin da yake yi ba. Zauna a nan, ka ba shi gefe, kada ka kafe shi da ido biyu, domin kallon mai farauta ke nan. Yi magana ƙasa-ƙasa, ka tashi ka jefa lada a kwano ka tafi abinka. Gobe ka ɗan ƙara matsowa. Duk lokacin da ka ga ya karkata baya, ja da baya kai ma. Wannan ja da bayan shi ne zuciyar aikin, domin da shi tsuntsun zai sake gano cewa ƙaramar magana tana isa, ba sai ya kai ga baki ba.

Idan ya fara karɓar lada a natse, sai a ɗauko siririn tsinke irin na tsire. Riƙe shi ta wajen keji, tsininsa kusa da bakinsa. Son sani zai sa ya taɓa. Yana taɓawa ka ce "yauwa", ka janye tsinken, ka miƙa lada, a cokali idan yatsa bai tsira ba tukuna. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana, a tashi tun bai gaji ba. Bayan ya gane, matsar da tsinken ya yi taku ɗaya kafin ya taɓa, sannan biyu, har ya riƙa bin sa daga wannan gefe zuwa wancan. Yanzu ka sami hanyar kai shi inda kake so ba tare da ka taɓa shi ba. Da tsinken za ka jawo shi bakin ƙofa, da shi za ka hau da shi kan sandar da ke hannunka, daga baya kan hannun kansa. Hannun a tsaye cak ake riƙe shi, ɗan sama da ƙafafunsa, a bar 'yar tazara ya tako da kansa, ba a danna masa a ƙirji. Idan ya ƙi, a ƙyale shi a dawo an jima. Mutane suna tsoron wannan zai sangarta shi, alhali akun da ya san ana girmama ƙinsa ya fi saurin yarda. Mayar da shi keji ma a sa lada a ciki, kuma wani lokaci a mayar da shi a sake fito da shi nan take, don kada hawa hannu ya zama daidai da kulle. Safar hannu mai kauri yawanci ƙara firgita shi take yi, tawul kuma a bar shi don larura, irin ta ba da magani.

Duk da haka wata rana za a cije ka. Kada ka fizge, fizga ce ke yaga fata. Kada ka yi ihu, kada ka yar da shi. Sauke shi a kan abin da ya fi kusa, ka juya masa baya na ɗan lokaci kaɗan, ƙasa da minti ɗaya ma ya isa, sannan ka tambayi kanka wace alama ta wuce ka. Kulle shi a duhu na sa'o'i ba ya koya masa komai, ba zai haɗa wannan da wancan ba. Aku mai cizo ba ya hawa kafaɗa, domin a can ba ka ganin idonsa, shi kuwa ga kunnenka da leɓenka da idonka, ga 'yan kunne masu ƙyalli idan mace ce. Bakin da ke fasa ƙwaya mai tauri ba abin wasa ba ne kusa da fuskar yaro, don haka kada a bar ƙananan yara da shi ba babba a wurin, a kuma hana su tsokanarsa da kara ta cikin waya. Yawancin akun da suka tsani yara sun sha irin wannan tsokana.

Raunin a wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai yawa, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan ya yi zurfi, ko a fuska ne ko kan gaɓa, ko ya kumbura ya yi ja yana zafi, a je asibiti, a kuma tambayi batun allurar tetanus. Tsuntsu ba ya ɗauke da ciwon haukan kare. Cutar da aka fi sani daga aku ta numfashi ce, ana ɗaukarta daga ƙurar busasshen kashinsa, tana zuwa da zazzaɓi da ciwon kai da tari, kuma tana da magani. Mai aku da ya kamu da irin wannan ya gaya wa likita yana da tsuntsu a gida, sannan a riƙa yayyafa ruwa a ƙasan keji kafin a share.

Wani akun cikin makonni yake sauyawa, wani sai an yi watanni. Babban da aka kamo daga daji yana iya ƙare rayuwarsa bai yarda da hannu ba, kuma a ganina wannan ba faɗuwa ba ce. Idan yana hawa sanda, yana ci a gabanka, yana magana da fito, ba ya gurnani idan ka shigo, an sami zaman da shi da mutanen gida za su iya ɗauka, kuma tsuntsu ne da ke kai shekara 40 zuwa 60 a hannun mai kula. Wanda ya ga ba zai iya ba kada ya buɗe keji ya sake shi. Ɗan kurmi da aka datse wa fiffike ba zai rayu a sararin arewa ba, kyanwa ko shaho ko yunwa za su riga kowa. A nemi wanda ya san kiwonsu a damƙa masa, a gaya masa gaskiyar halin tsuntsun, abin da yake tsoro da abin da yake so, a haɗa masa da littafin nan da aka rubuta cizon a ciki.